Christian Hulsmeyer: Matashin da ya ƙirƙiro rada amma ya rasa mai saye

A ranar 17 ga watan Mayun 1904, 'yan jarida da wasu masu sha'awar sababbin ƙere-ƙere suka hallara a farfajiyar otel ɗin Dom da ke birnin Kolon na ƙasar Jamus, domin amsa gayyatar wani matashi ɗan shekara 22 wanda ba shi da digiri, ba shi da muƙami, kuma kusan babu wanda ya taɓa jin sunansa. Matashin ya girke wata na'ura, ya fuskantar da ita ga ƙofar ƙarfe ta farfajiyar, sannan ya sa aka rataya labule a tsakaninsu. Da ya kunna ta sai ƙararrawa ta kaɗa. Labulen shi ne hujjar da yake son kafawa, wato na'urar tana iya gano ƙarfe ko da ido bai gan shi ba. A 'yan kwanakin nan kuma ya maimaita gwajin a bakin Kogin Rhine, kusa da gadar da ke daura da babbar majami'ar birnin. Jirgin ruwa na shigowa saitin na'urar sai ƙararrawa ta ɗauki kuka, yana wucewa sai ta yi tsit.

Sunan matashin Christian Hulsmeyer. Abin da ya nuna a wannan mako shi ne na'ura ta farko a tarihi da ta gano wani abu daga nesa ta hanyar aika igiyar rediyo da sauraren dawowarta. A yau ana kiran wannan fasaha rada, kuma ba a jiragen sama da na ruwa kaɗai take ba. Tana nan ɓoye a bayan tambarin gaba ko cikin bambar miliyoyin motoci, tana lura da hanya, wani lokaci har ta taka birki kafin ƙafar direba ta motsa. Shi kuwa wanda ya fara ta, ko sisi bai ci daga gare ta ba.

An haifi Hulsmeyer ranar 25 ga Disamban 1881 a Eydelstedt, wani ƙaramin ƙauye a arewacin Jamus, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. A makarantar ƙauyen ne malaminsa ya lura da kaifin basirarsa, ya tsaya masa har ya samu gurbi a kwalejin horon malamai da ke Bremen a 1896. Ga ɗan ƙauye na wancan zamani, aikin koyarwa babbar ƙofa ce ta samun albashi da mutunci. Sai dai zuciyar yaron ba ta wajen allo da alli. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na kwalejin ne ya ɗauke masa hankali, musamman aikin wani masani mai suna Heinrich Hertz.

Tsakanin 1886 da 1888 Hertz ya tabbatar a birnin Karlsruhe cewa akwai wata igiya da tartsatsin lantarki ke haifarwa, wadda ke ratsa iska ba tare da waya ba. Ya kuma nuna cewa idan igiyar ta ci karo da faifan ƙarfe takan dawo, kamar yadda murya ke dawowa idan an yi kuwwa a gindin dutse. Hertz ya rasu a 1894 yana da shekara 36, bai nemi wani amfanin kasuwa daga bincikensa ba. Waɗanda suka biyo bayansa, Guglielmo Marconi na Italiya a kan gaba, duk hankalinsu ya tafi ga rabin farko na binciken, wato aika saƙo zuwa nesa. Rabin na biyu, batun dawowar igiyar, ya zauna a littattafai babu mai taɓa shi. Nan ɗalibin Bremen ya sa ido.

Ana ba da labari cewa abin da ya zaburar da shi shi ne ganin baƙin cikin wata uwa da ɗanta ya mutu a karon jiragen ruwa. Bremen kuwa gari ne da rayuwarsa ta rataya ga Kogin Weser da teku, kuma hazon tekun arewa ya fi hazon hunturu da aka sani kauri, don yakan rufe ido har matuƙi ya kasa hango goshin jirginsa. Abin da matuƙan lokacin suka dogara da shi a irin wannan yanayi bai wuce busa usur na tururi, da kaɗa ƙararrawa, da kasa kunne ba. Sauti kuma a cikin hazo mayaudari ne, sau da yawa ba a gane ta inda ya fito.

A watan Yunin 1900 Hulsmeyer ya bar kwalejin bai kammala ba, ya shiga masana'antar Siemens & Halske da ke Bremen a matsayin mai koyon aikin lantarki. Kusan shekara biyu ya yi a can yana koyon yadda ake mayar da tunani ya zama kayan da za a iya riƙewa a hannu. A watan Afrilun 1902 ya ajiye aikin, ya koma Dusseldorf wajen yayansa Wilhelm, wanda ya ba shi jarin buɗe ɗan ƙaramin shago. Ƙirƙire-ƙirƙirensa na farko sun nuna matashi mai jefa ƙugiya ko'ina: akwai na'urar aika sauti ta wayar tangarahu, akwai dabarar mayar da babbar mota allon talla mai yawo, akwai kuma hanyar tayar da nakiya daga nesa da igiyar rediyo. Amma wadda ya fi ƙwallafa rai a kanta ita ce wadda ya raɗa wa suna Telemobiloskop, sunan da ya haɗa daga kalmomin Girkanci da Latin, ma'anarsa mai hango abin da ke motsi daga nesa.

Ya nemi takardar mallakar ƙirƙirar a watan Nuwamban 1903, ofishin ya ƙi. Ya sake tsara buƙatar ya miƙa ranar 30 ga Afrilun 1904, a wannan karon aka amince, aka ba ta lamba 165546. Kafin nan ya buga talla a jarida yana neman mai zuba jari. Wanda ya amsa ba injiniya ba ne, ba kuma mai jirgin ruwa ba ne, wani ɗan kasuwar fatu ne na Kolon mai suna Heinrich Mannheim. A watan Maris na 1904 Mannheim ya ajiye mak 2,000 na kuɗin Jamus, bisa sharaɗin samun kashi 20 cikin ɗari na ribar da za a ci nan gaba. Suka kafa kamfani da sunayensu biyu, aka yi masa rajista a Kolon a watan Yulin wannan shekara. Ya kamata a yi wa Mannheim adalci a tarihi: mutumin da sana'arsa ke ga ƙirgi ya hango abin da manyan hafsoshi da shugabannin kamfanoni suka kasa hangowa, ko da yake hangen nasa bai dawo masa da uwar kuɗinsa yadda ya so ba.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar kashi biyu ce. Kashi na farko yana haifar da tartsatsin lantarki, wanda ke fitar da igiya mai zangon da bai wuce santimita 40 zuwa 50 ba, eriya kuma ta tattara ta ta nufar da ita gefe guda. Masu sauraren rediyo a gajeren zango, waɗanda suka saba jin ana ambaton mita 19 ko mita 31, za su gane cewa wannan zango gajere ne ƙwarai. Kashi na biyu shi ne mai saurare, kuma zuciyarsa wani ɗan bututu ne mai ɗauke da garin ƙarfe. Muddin igiya ba ta taɓa shi ba, garin yana tare wutar lantarki. Da zarar amsa-kuwwar igiyar ta dawo daga jikin wani jirgi, sai ƙwayoyin garin su manne da juna, wuta ta wuce, ƙararrawa ta kaɗa. An sanya shinge tsakanin ɓangarorin biyu don kada mai sauraren ya ji muryar ɗan'uwansa kai tsaye ya zaci amsa ce.

Hulsmeyer ya yi tunanin teku sosai. Ya tsara a rataye na'urar ta yadda za ta zauna daidai ko da jirgi yana tangaɗi. Ya tsara ta riƙa juyawa tana zagaya kowace kusurwa, tare da wata allura mai kama da ta kamfas a ɗakin matuƙi wadda za ta nuna gefen da haɗarin yake. Ya kuma ƙara wata dabara ta tace saƙonni, domin kada tartsatsin wata tashar rediyo ya sa ƙararrawar kaɗawa a banza. Burinsa shi ne ta riƙa gano jirgi daga nisan da ya kai kilomita uku.

Abu guda ne ya gagare shi, kuma babba ne: nisa. Rada ta zamani tana sanin nisan abu ne ta auna lokacin da igiya ta ɗauka kafin ta je ta dawo. Igiyar kuwa tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka zuwa da dawowa daga nisan kilomita uku ba ya wuce kashi 20 cikin miliyan na daƙiƙa. A 1904 babu wani agogo ko ma'auni da zai iya kama wannan ƙiftawa a bisa jirgi. Sai Hulsmeyer ya bi ta wata hanya. A cikin takardar mallaka ta biyu da ya nema a wannan shekara, ya ba da shawarar a ɗora na'urar a saman dogon turken jirgi, a riƙa sunkuyar da ita sannu a hankali. Tunda an san tsawon turken, an kuma san kusurwar da ƙararrawa ta kaɗa, lissafi zai fitar da nisan. Dabara ce mai kyau a takarda. A kan teku mai tangaɗi kuwa, da wuya ta ba da amsar da kyaftin zai ɗora rayukan fasinjojinsa a kanta.

Rotterdam da abin da ya biyo baya

Dama mafi girma ta zo masa cikin makonni uku. A watan Yunin 1904 manyan kamfanonin jiragen ruwa masu ratsa tekun Atlantika sun yi taro a Holan kan lafiyar sufuri, kamfanin Holland-Amerika Lijn kuma ya gayyace shi. Ranar 9 ga Yuni aka ɗora na'urar a wani ƙaramin jirgi mai suna Columbus, aka zagaya tashar Rotterdam da mahalarta taron. Na'urar ta yi aiki, kowane jirgi da aka gifta sai ƙararrawa ta kaɗa, kuma bayanan taron da ke ajiye a ma'adanar tarihin birnin sun shaida haka. An yaba, an jinjina, an watse. Oda ko ɗaya ba ta biyo baya ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan gajeren hangen masu jiragen, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. A lokacin kamfanonin sun riga sun shiga kashe kuɗi kan rediyon aika saƙo, kamfanin Marconi kuma ya mamaye wannan kasuwa, yana ba da hayar kayan aiki da ma'aikatansa bisa sharuɗɗan da ba su bar wa wani wuri ba. Da yawa daga cikin masu jiragen ba su ma bambance na'urar aika saƙo da na'urar gano jirgi ba, duk tartsatsi ne a wurinsu. Ga kuma raunin na'urar kanta. Bututun garin ƙarfe kurma ne idan amsa-kuwwar ta raunana, kuma ƙwan lantarki mai ƙara ƙarfin sigina bai fara aiki sosai ba sai wajen 1912. Mafi muhimmanci, ƙararrawar kalma ɗaya tak ta sani: akwai ƙarfe. Ba ta faɗin ko mene ne, ba ta faɗin ko yana matsowa ko yana nisa. A tsakiyar teku, inda babu kowa, wannan kalma ɗaya tana iya ceton rai. A bakin tasha mai cunkoso, inda aka fi yin karo, ƙararrawar da ke kaɗa wa kowane jirgi da kowane ƙarfe ba za ta daɗe ba matuƙi zai daina kula ta.

Wani gwajin da aka sake yi a gaɓar Holan a ƙarshen 1904 bai yi kyau ba, kuma da kamfanonin suka sake zama a Landan a 1905, rahoton da ya iso gare su na gazawa ne. Rundunar sojan ruwan Jamus ba ta nuna sha'awa ba. Kamfanin Telefunken, wanda aka kafa a 1903 kuma tsohuwar ma'aikatar Hulsmeyer ta Siemens & Halske tana cikin masu shi, shi ma ya ce ba shi da buƙata. Riƙe takardun mallaka a ƙasashe da dama kuɗi yake ci kowace shekara, kuɗin kuma ya ƙare. A watan Oktoban 1905 aka soke kamfanin daga rajista. Hulsmeyer bai cika shekara 24 ba.

A nan ne rayuwarsa ta saɓa da labarin da aka saba ji na mai ƙirƙira da ya mutu cikin talauci da takaici. Hulsmeyer ya rufe wannan babi ya buɗe wani. Tun yana tsakiyar fafutukar Telemobiloskop ya riga ya nemi takardar mallakar wani inji na rage kaurin sanduna da bututun ƙarfe. A 1906 ya kafa kamfanin samar da kayan ƙera ƙwan fitila, a 1907 kuma ya buɗe masana'antar tukwanen tururi da kayan aikinsu a Dusseldorf. A 1910 ya sayi filin masana'anta a unguwar Flingern, a shekarar kuma ya auri Luise Petersen, 'yar Bremen, wadda suka haifi 'ya'ya shida tare. Masana'antar ta riƙa ƙera kayan tururi da na ruwa, da ma'aunin matsi, da matatun hana tsatsa, ta kuma rayu har 1953, ta tsallake yaƙe-yaƙen duniya biyu da karyewar darajar kuɗin Jamus. Gaba ɗaya ya mallaki takardun ƙirƙira kusan 180. Tsatsar bututu ce ta ciyar da iyalinsa, ba rada ba.

A cikin waɗannan shekaru duniya ta sake gano abin da ya gano, ba tare da ta tuna da shi ba. A 1934 masu binciken rundunar sojan ruwan Jamus, ita dai rundunar da ta kau da kai shekara talatin baya, suka gano jirgi da igiyar rediyo a tashar Kiel. A watan Fabrairun 1935 Robert Watson-Watt da abokin aikinsa Arnold Wilkins suka gano jirgin sama a wani gwaji kusa da Daventry a Ingila, gwajin da ya haifar da jerin tashoshin da suka taimaka wa Birtaniya a yaƙin sama na 1940. A wannan shekara ta 1940 ne sojan ruwan Amurka suka ƙirƙiro kalmar rada. Abin da ceton fasinjoji ya kasa sa a saya, tsoron jiragen yaƙi ya sa an zuba masa dukiya ba iyaka.

Sai bayan yaƙin, a 1948, wani masanin tarihin fasaha mai suna Franz Maria Feldhaus ya tono tsohuwar takardar mallakar, ya rubuta a jarida cewa mai ita yana nan da ransa a Dusseldorf. Daga nan aka fara kiran dattijon zuwa taruka. A wani taron rada da aka yi a Frankfurt a 1953 ya haɗu da Watson-Watt, wanda Birtaniya ta riga ta karrama a matsayin uban wannan fasaha. An ruwaito cewa Baturen Ingilan bai yarda ya saki wannan laƙabi ba, iyaka dai ya amince Hulsmeyer ya zama kakanta. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce na'urar da ba ta auna nisa ba ta cika rada ba. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta goge cewa shi ne ya fara ginawa, ya gwada a bainar jama'a, ya kuma faɗi amfanin abin tun kafin kowa.

Wata shida kafin rasuwarsa wani abu ya faru da ya nuna cewa auna nisan ma bai wadatar ba. A daren 25 ga Yulin 1956, cikin hazo, a gaɓar Amurka kusa da tsibirin Nantucket, jirgin fasinja na Italiya mai suna Andrea Doria ya yi karo da jirgin Stockholm na Suwidin. Dukansu biyu suna da rada, kuma kowanne ya ga ɗan'uwansa a allo tun daga nesa. Amma kowane ɓangare ya fassara ɗigon hasken da yake gani ta yadda ya zata, ɗaya ya karkata hagu, ɗaya ya karkata dama, suka haɗu. Mutum 51 suka mutu, Andrea Doria kuma ya nutse washegari. Na'ura ta gani, fassara ce ta kuskure.

Hulsmeyer ya rasu ranar 31 ga Janairun 1957 a garin Ahrweiler yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar arewacin Dusseldorf.

Daga teku zuwa kwalta

Burinsa na asali, hana karo, ya koma kan titi ne a ƙarshen ƙarni. A 1999 kamfanin Mercedes-Benz ya fara sayar da motoci masu rada da ke kiyaye tazara tsakaninsu da motar gaba. A 2003 Toyota da Honda suka fito da tsarin da ke shirya birki ko ya taka shi idan karo ya matso. Tun daga watan Yulin 2024 kuma, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa duk sabuwar ƙaramar mota da za a yi wa rajista ta kasance da birkin gaggawa mai sarrafa kansa. Dalilin a fili yake, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara.

Radar mota ba ta wuce girman tafin hannu ba. Zangon igiyarta kusan milimita huɗu ne, ya fi na Hulsmeyer gajarta sau ɗari, kuma mai dogon zango cikinta tana hango abin da ke nisan mita 200 ko fiye. Tana amsa tambayoyin da ƙararrawar 1904 ta kasa amsawa. Tana faɗin nisa. Tana faɗin kusurwa. Tana kuma faɗin saurin abu kai tsaye, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842, wadda kowa ya taɓa ji a jiniyar motar asibiti, mai kaifi idan tana tahowa, mai kauri idan ta wuce. Fifikonta a kan kyamara shi ne dai wanda labulen otel ɗin Dom ya nuna: duhu, da hazo, da ƙura, da hasken fitilar motar da ke tahowa ba sa makantar da ita.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda ta kayar da Hulsmeyer a Rotterdam, ta kuma nutsar da Andrea Doria: mene ne wannan abin? Rada ba ta ba da hoto. Abin da take bayarwa ɗigo-ɗigo ne warwatse, wani lokaci 'yan ƙalilan kawai ga mota guda. Murfin ƙarfe na magudanar ruwa yana iya dawo da amsa mai ƙarfi fiye da ta mutum. Gadar sama da allon hanya suna iya bayyana kamar shinge a tsakiyar titi. Igiya tana iya bugun ƙarfen gefen hanya ta karkata, ta nuna motar da babu ita. Saboda haka ne tsarin farko-farko da dama aka umarce su su yi biris da duk abin da ba ya motsi idan ana gudu sosai, don kada mota ta riƙa cin birki a banza. Amma motar da ta lalace a tsakiyar hanya ita ma ba ta motsi.

Wannan gibi ne masu bincike ke ƙoƙarin cikewa da abin da ake kira koyo mai zurfi, wani reshe na ƙirƙirarriyar basira. Maimakon injiniya ya zauna ya rubuta doka ga kowane yanayi, sai a tara bayanan rada na tafiye-tafiye masu yawa, mutane su bi su suna yi wa kowane abu alama, wannan mota ce, wannan mai keke ne, wannan turken fitila ne, wannan kuma inuwar ƙarya ce. Sai a ba wata sarƙar lissafi mai hawa-hawa, wadda aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, ta riƙa cinka tana kuskure ana gyara mata, har ta kama alamomin da kanta. Mai tafiya a ƙasa, alal misali, yana da tambarinsa a rada: gangar jikinsa na tafiya da sauri ɗaya, ƙafar da ke ƙasa tana tsaye cak, wadda ke sama kuma ta fi jikin sauri, hannuwa suna lilo. Mai keke nasa daban ne saboda juyawar ƙafafun keken da fedarsa. Wasu masu binciken suna ciyar da sarƙar da ɗigon da aka riga aka tace, wasu kuma sun fi son ba ta ɗanyen siginar tun kafin tacewa, bisa hujjar cewa tacewar tana zubar da raunanan amsoshi, irin na ƙaramin yaro da ke tsaye kusa da babbar mota.

Aikin yana da wuya fiye da na kyamara, domin kowa na iya duban hoto ya ce ga akuya, amma ba kowa ke iya karanta ɗigon rada ba, shi ya sa bayanan da aka yi wa alama ba su da yawa. Daga cikin waɗanda aka buɗe wa masu bincike akwai nuScenes na 2019, da aka tattara a titunan Boston da Singafo, da RadarScenes na 2021, da masu binciken Mercedes-Benz suka tattara a Jamus. Sarƙar kuwa abin da aka nuna mata shi ta fi ganewa. Motocin da ake shigowa da su kasuwannin Afirka ta Yamma daga Turai da Amurka suna zuwa da radarsu a goshi, amma ba a titin da Keke Napep, da 'yan acaɓa, da garken shanu ke rabon hanya aka horar da ita ba. Kowane kamfani kuma har yanzu yana auna abu biyu a sikeli: idan na'urar ta cika tsoro za ta ci birki ba dalili har na baya ya buge ta, direba ya gaji ya kashe ta, idan kuma ta cika sakaci za ta yi shiru a ranar da ake buƙatarta.

Ragowar Telemobiloskop yana ajiye a gidan tarihin kimiyya da fasaha na Deutsches Museum da ke Munich. A watan Oktoban 2019 kuma babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, IEEE, ta kafa allon tunawa a Kolon, a bakin Rhine kusa da gadar Hohenzollern, ɗauke da sunan Christian Hulsmeyer da ranar 17 ga Mayun 1904.